Kalmar Khazān da Danginta: Ma'ana, Amfani da Matsalar Fassara ta da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kalmar Farisanci khazān da sauran siffofinta a harsunan Uzbek da Azarbaijan da Turkanci da Urdu. An nuna cewa kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku masu sarƙe da juna, wato lokacin zubar ganye, da shi kansa ganyen da ya bushe ya kaɗe, da kuma ƙarewar duk wani abu mai kyau. Daga nan aka auna al'adar nan ta fassara sunan wannan yanayi da kalmar kaka. Hujjar maƙalar ita ce, kaka ta dace da kalanda kawai, amma a adabi tana juyar da manufar marubuci, domin a wajen Bahaushe kaka lokacin samu ne, khazān kuwa lokacin rashi.

1.0 Gabatarwa

Sunayen yanayin shekara suna daga cikin kalmomin da mai fassara kan ɗauka ba su da wuya. Da ya ga ƙasashe masu sanyi sun raba shekara gida huɗu, ya kuma tuna Bahaushe ma yana da bazara da damina da kaka da hunturu, sai ya jera huɗu a kan huɗu, ya ɗauka aiki ya ƙare. Amma sunan yanayi ba lamba ba ce a jikin kalanda. Kowane suna yana tafe da abin da mutanen wurin suke gani da ido a lokacin, da aikin da suke yi, da kuma halin da zukatansu kan shiga.

Wannan batu ya daina zama na masu ƙamus kaɗai. A yau ana juya finafinan Indiya da wasannin talabijin na Turkiyya zuwa Hausa, akwai kuma kafofin watsa labarai na ƙasashen Iran da Turkiyya masu sashen Hausa, cikinsu har da TRT Afrika da aka buɗe a shekarar 2023. Duk waɗannan suna ɗebo zance ne daga harsunan da kalmar khazān ta yi kaka-gida a cikinsu shekaru aru-aru. Saboda haka ya kamata a san abin da kalmar take nufi a gidansu kafin a nema mata masauki a Hausa.

2.0 Asalin Kalmar da Yanayin da ya Haife ta

Khazān kalmar Farisanci ce. Duk da kamannin da ke tsakaninta da tushen Larabci kh-z-n, wanda ya ba da khizāna da makhzan masu ma'anar taska ko ma'aji, ba daga can ta fito ba. Ya zama dole a faɗi haka tun da wuri, domin mai ilimin Larabci da ya ci karo da ita a rubuce zai iya zaton lokacin tara amfanin gona a rumbu ake nufi, wanda kuwa zai ƙara masa ƙarfin gwiwar fassara ta da kaka.

A kalandar rana da aka mayar ta hukuma a Iran a shekarar 1925, shekara tana farawa ne da bikin Nauruz, wajajen 21 ga Maris. Kashi na uku na shekarar ya ƙunshi watannin Mehr da Aban da Azar, daga wajajen 23 ga Satumba zuwa daren Yalda, wajajen 21 ga Disamba, wanda shi ne dare mafi tsawo a shekara. A cikin waɗannan watanni yini yana gajarcewa, sanyi yana ƙaruwa. Bishiyoyi irin su cinar da tut da inabi sukan daina sarrafa sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai rawaya da ruwan goro da ke ɓoye a ciki su fito fili. Daga nan sai gindin ganyen ya yi rauni, iska ta kaɗe shi. A cikin 'yan makonni lambun da ya yi wata shida yana ba da inuwa da 'ya'ya sai ya koma itace tsirara. Ya kamata a lura cewa ba ƙishirwa ce ke kashe wannan ganye ba, domin sau da yawa ma a lokacin ne ruwan sama yake dawowa. Gajarcewar yini da sanyi su ne sanadi. Wannan ne babban bambancinsa da bushewar ganye a ƙasar Hausa.

3.0 Ma'anonin Khazān a Farisanci

3.1 Lokaci

Farisanci yana da kalmomi biyu na kiran wannan yanayi, pāyīz da khazān. Pāyīz ita ce ta yau da kullum, ita ake ji a bakin ɗan makaranta da mai hasashen yanayi. Khazān kuwa ta fi zama a waƙa da zance mai nauyi, kuma kusan kullum tana zuwa ne a matsayin kishiyar bahār, lokacin toho da furanni. Akwai kuma kalma ta uku, barg-rīzān, wadda ma'anarta kai tsaye ita ce zubar ganye. Kasancewar ana iya sa barg-rīzān a gurbin khazān a wurare da dama ya nuna inda nauyin ma'anar yake, wato a kan ganye, ba a kan girbi ba.

3.2 Ganye da Launinsa

Ma'ana ta biyu ita ce abin da ido ke gani, wato launin da ganye ya rikiɗe ya koma da kuma ganyen da ya zube. Mu duba waɗannan harɗaɗɗun kalmomi:

(1) barg-e khazān: ganyen da ya yi rawaya ya bushe
(2) bād-e khazān: iskar da ke kaɗe ganye
(3) khazān-zade: wanda khazān ta buge
(4) khazān-dīde: wanda ya ga khazān

A misali na (3), ɗafin -zade shi ne wanda ake liƙa wa sunayen annoba da bala'i, kamar ambaliya da girgizar ƙasa, domin a nuna wanda abin ya shafa. Ke nan ƙirar kalmar ita kanta ta sa khazān a sahun masifu. Ba a yi wa lokacin girbi irin wannan ƙira a Hausa. Ana cewa fari ya buge gona, ko sanyi ya kama mutum, amma ba a cewa kaka ta bugi wani.

3.3 Adon Harshe

A nan ne kalmar ta fi yin aiki, kuma tarihinta bai tafi a miƙe ba. Manucihri na Damgan, mawaƙin fadar Sarki Mas'ud na Gazna, wanda ya rasu wajajen 1040, yana da shahararriyar waƙa a kan khazān. A cikinta yanayin na shagali ne. Ganye ya yi launi kamar rinanniyar tufa, ana tsinkar inabi, ana shirin shiga sanyi, har mawaƙin ya yi wasa da kamannin sauti tsakanin khazān da khaz, sunan wata tufa mai tsada ta sanyi. A wannan zamani bikin Mehregan, wanda yake faɗowa a farkon yanayin, yana da daraja a fadoji kusa da ta Nauruz. Da a ce a nan ma'anar ta tsaya, da kaka ta yi kusa da ita ƙwarai.

To amma da waƙar gazal ta bunƙasa a hannun Jalaluddin Rumi (1207–1273) da Sa'adi da Hafiz, sai lambu ya zama alamar duniya ko ƙuruciya ko haɗuwar masoya, fure ya zama abin ƙauna, tsuntsun bulbul ya zama masoyi. A cikin wannan tsari na alamtarwa, khazān ita ce 'yar fashin da ke afka wa lambu ta tuɓe shi, ta bar bulbul yana kuka. Idan muka bi rabe-raben adon harshe da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa nazarin waƙar Hausa, za mu ga kalmar tana shiga uku daga cikinsu. Tana shiga kamantawa, inda ake kwatanta fuskar masoyi da ganyen da ya yi rawaya. Tana shiga siffantawa, inda ake cewa khazān-e omr, wato khazān ta rayuwa, ana nufin gangarowar shekaru. Tana kuma shiga mutuntarwa, inda ake ba iskarta hannu da takobi da rashin imani. Wannan ma'ana ta baƙin ciki ita ta rinjayi sauran, ita ce kuma ta iso ƙarni na 20. Waƙar nan Khazān-e Eshq, wadda Rahi Mo'ayyeri ya rubuta, Jawad Badi'zade ya rera a shekarun 1930, sunanta kawai ya isa shaida, domin mai saurare ya san ƙarewar soyayya ake nufi tun kafin a fara kiɗa.

4.0 Yaɗuwar Kalmar zuwa Wasu Harsuna

Farisanci ya yi ɗaruruwan shekaru yana zaman harshen fada da adabi daga Anadolu har zuwa Indiya, kamar yadda Larabci ya zauna a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Kowane harshe da ya ari khazān ya ja ta zuwa ɓangaren da ya fi buƙata.

4.1 Harshen Uzbek

A Uzbek ana rubuta ta xazon, kuma a nan ma'anar ganye ce ta yi rinjaye, domin harshen yana da tasa kalmar ta yanayi, wato kuz. Ga misalai:

(5) Bolalar xazonni supurdilar: Yara sun share busasshen ganye.
(6) Umri xazon bo'ldi: Rayuwarsa ta tafi a banza, ko ta yanke ba lokaci ba.
(7) xazonrezgi: lokacin zubar ganye.

Misali na (5) ya nuna cewa xazon abu ne da tsintsiya ke taɓawa. Hasali ma a biranen Uzbekistan hukumomi sukan hana ƙona xazon saboda hayaƙin da yake cika unguwanni da shi. Kalmar da ta fito daga fadar sarakuna ta sauko bakin titi, amma kamar yadda misali na (6) ya nuna, ba ta yar da nauyinta na adabi ba.

Wannan amfani tsoho ne. Babur (1483–1530), wanda ya kafa daular Mugal, ya ba da labari a cikin Baburnama cewa a shekarar 1519 ya fita zuwa lambunan Istalif, arewa da Kabul, domin kallon khazān. Ba a fita kallon wata ko kwanan wata. Abin da ya fita kallo shi ne launin ganye. Shi kuma Alisher Nawa'i (1441–1501) ya kasa waƙoƙinsa na harshen Cagatai diwani huɗu bisa matakan rayuwa, ya daidaita kowane mataki da yanayi guda. Tsakiyar shekaru, daga 35 zuwa 45, ita ya ba khazān, tsufa kuma ya ba shi lokacin sanyi. Sunan da ya ba tarin kuwa, Khazā'in al-Ma'ānī, daga tushen Larabcin nan ne mai ma'anar taska, bai da dangantaka da kalmar da muke nazari.

4.2 Azarbaijan da Turkanci

A harshen Azarbaijan an raba aikin gida biyu. Xəzan ita ce ta waƙa mai nufin yanayi, xəzəl kuwa ita ce busasshen ganyen da ya zube. Ana kuma bambanta ta da qəzəl, sunan nau'in waƙar nan da aka aro daga Larabci:

(8) Şair qəzəl yazdı: Mawaƙi ya rubuta gazal.
(9) Bağban xəzəli süpürdü: Mai lambu ya share busasshen ganye.

Baƙi ɗaya ne ya raba su a farkon kalma. A Turkancin Turkiyya kuwa wannan bambanci ya ɓace, kalmomin biyu sun zama gazel a furuci da rubutu:

(10) Şair bir gazel yazdı: Mawaƙi ya rubuta gazal.
(11) Bahçeyi gazel kapladı: Busasshen ganye ya rufe lambu.

Ƙamusun Hukumar Harshen Turkanci, wadda aka kafa a shekarar 1932, ya shigar da su a matsayin kalmomi biyu dabam, kuma haka ya dace. Gazel ta (10) daga tushen Larabci gh-z-l take, wanda ya ba da kaɗin zare da zancen soyayya da kuma sunan barewa. Gazel ta (11) 'yar'uwar xəzəl ce. Wannan daidai yake da kaka mai nufin mahaifin uba ko uwa da kaka mai nufin lokacin girbi a Hausa, waɗanda rubutu bai raba su ba, amma babu mai cewa ma'anar ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Abin lura shi ne yadda kalmomin suka rabu bisa matsayin masu magana. A adabin fada na Usmaniyya, siffar hazan ake amfani da ita, har akwai nau'in ƙasida mai suna hazaniye, wadda ake buɗewa da bayanin wannan yanayi, kamar yadda bahariye take buɗewa da bayanin lokacin furanni. Baki (1526–1600), wanda ake wa laƙabi da sarkin mawaƙa, yana da gazal a kan hazan da har yau ake koyarwa a makarantu. Gazel mai nufin ganye kuwa ta mutanen karkara ce da mawaƙan baka masu kaɗa saz, irin su Karacaoğlan na ƙarni na 17. A ƙauyukan Anadolu akan tara gazel a yi wa dabbobi shimfiɗa ko a hura wuta da ita, kuma idan mawaƙin baka ya ce ya koma gazel, yana nufin ya bushe, iska tana yawo da shi. A maganar yau da kullum kuwa sonbahar da güz su ne sunayen yanayin. Ko marubutan zamani da suka guje wa tsofaffin kalmomin aro ba su guje wa hoton ba. Littafin Reşat Nuri Güntekin na 1930, Yaprak Dökümü, ma'anar sunansa zubar ganye, labarin gida ne da 'ya'yansa suke ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tarko a nan ga mai fassara. Karin maganar Turkanci hariçten gazel okumak, wanda ake faɗa wa mai tsoma baki a abin da bai sani ba, daga gazel ta waƙa yake, babu ganye a ciki. Wanda bai raba kalmomin biyu ba zai sa ganye inda ake nufin waƙa, ko waƙa inda ake nufin ganye.

4.3 Urdu

Misalin Urdu shi ya fi kusa da halin da Hausa take ciki. Harshen ya ari khizāṅ tare da dukkan kayanta, wato lambu da bulbul da iska mai ɓarna, alhali a filayen arewacin Indiya yawancin bishiyoyi suna zubar da ganye ne a ƙarshen sanyi, wajajen Fabrairu da Maris, lokacin da ake kira patjhaṛ. Ke nan khizāṅ ta Urdu yanayi ne na cikin littafi fiye da na bakin ƙofa. A ƙarni na 19 masu neman gyaran adabin Urdu, musamman Muhammad Husain Azad da Altaf Husain Hali, sun soki wannan dogaro da hotunan Farisa. A taron mawaƙa da aka shirya a Lahor a shekarar 1874, Hali ya gabatar da waƙa a kan damina mai suna Barkhā Rut, domin ya nuna cewa ƙasarsu tana da nata yanayin da ya cancanci waƙa. Darasin da ke nan shi ne, harshe yana iya aron kalmar yanayin da ba shi da shi, amma sai ya aro adabin da ke riƙe da ita gaba ɗaya.

5.0 Matsalar Fassara da Hausa

5.1 Kaka

Ba a banza aka zaɓi kaka ba. Watanninta, Oktoba da Nuwamba, sun faɗo cikin na khazān. Haka kuma kalmar Ingilishi autumn, wadda ta hanyarta yawancin mafassaranmu suka fara saduwa da wannan yanayi, ta maye gurbin tsohuwar kalma ce mai ma'anar girbi, wadda 'yar'uwarta Herbst take nan a Jamusanci har yau. Saboda haka idan ana maganar kalanda ko noma, kaka ta yi.

Amma mu tambayi kanmu abin da Bahaushe yake ji idan an ce kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, ana yankan dawa, ana cirar gyaɗa da roron wake. Yunwar marka ta wuce. Manomi ya sami abin biyan bashi da na ɗinka sutura. A lokacin ne ake ɗaura aure, a yi kalankuwa, 'yan dambe da 'yan kokawa su shiga gari-gari, maroƙa da makaɗa su fita yawon kaka. Har a harshen 'yan jarida na yau, idan an ce kakar zaɓe ko kakar wasanni, ana nufin lokacin da abu yake ci, kuma idan aka ce kakar wane ta yanke saƙa, ana nufin sa'arsa ta zo, ko da yake wannan daga ɗaya kakar ce. Duk inda aka juya, kalmar tana ƙamshin samu.

To idan aka fassara khazān-e omr da kakar rayuwa, Bahaushe zai fahimci lokacin da mutum yake cin gajiyar wahalarsa, alhali mawaƙin kukan ƙarewa yake yi. Idan aka fassara Khazān-e Eshq da kakar soyayya, an mayar da waƙar rabuwa ta biki. Wannan ya wuce a ce fassara ta rage armashi. Ta faɗi kishiyar abin da aka ce ne.

Abin sha'awa ne a ga cewa mafassaran Yarbanci da Ibo sun bi wata hanya dabam. A Yarbanci ana cewa ìgbà ìwọ́wé, a Ibo kuma oge mgbụsị akwụkwọ, duka biyun suna nufin lokacin zubar ganye. Su sun kama ganye, Hausa ta kama girbi. Larabci ma ya nuna yadda sunan yanayi ke bin ƙasa. Kharīf da ake fassarawa da wannan yanayi a Sham da Masar, a Sudan damina take nufi, haka ma a Salala ta ƙasar Oman. Bahaushen Sudan da ya ji kharīf, ruwan sama da shuka zai tuna.

5.2 Yadda Hausa ke Kiran Busasshen Ganye

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da ta haɗa ganye da bushewa da lokaci da baƙin ciki. Wannan ba talauci ba ne, wata hanya ce dabam ta rarraba abubuwa. Bahaushe yana sa wa busasshen ganye suna ne bisa amfaninsa:

(12) harawa: busasshen ganyen wake ko gyaɗa, abincin dabbobi
(13) karmami: ganyen karan dawa ko gero
(14) kuka: busasshen ganyen kuka da aka daka domin miya
(15) yayi: tarkacen busasshiyar ciyawa da ganye

Uku na farko dukiya ce, ana tara su, ana sayarwa. Ta huɗu ce kawai ta yi kusa da ma'anar abin da ba shi da daraja. Matakan mutuwar ganye kuwa aikatau ne ke ɗauke da su: ya yi yaushi, ya bushe, ya ƙeƙashe, ya kaɗe, ya kakkaɓe. Lokacin da wannan ke faruwa ga manyan bishiyoyi irin su kuka da rimi da marke shi ne hunturu zuwa tsakiyar rani, sa'ad da busasshiyar iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, hazo ya rufe rana, fata ta yi kaushi, leɓe ya tsage. Har ila yau akwai gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya yi toho da rani, abin da ya sa ake masa kirari da cewa ya ƙi ruwan Allah. A ƙasar da wata bishiya take tuɓewa lokacin da sauran ke yin ado, zubar ganye ba zai zama alamar yanayi guda ba kamar yadda ya zama a Farisa.

Wajen tsufa ma, Bahaushe bai cika auna rayuwa da shekara ba, da yini yake auna ta. Yakan ce la'asar ta yi wa wane, ko rana ta yi gora. Haka nan masoyin Hausa ba ya yin rawaya, ramewa yake yi ya ƙanjame.

5.3 Shawara

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarar a bi matakai uku. Na farko, idan khazān ko hazan ko khizāṅ ta zo da ma'anar lokaci kawai, a yi amfani da kaka, ko mafi kyau a ce lokacin zubar ganye, musamman idan labarin ya shafi shigowar sanyi. Na biyu, idan ganyen ake nufi, kamar xazon da xəzəl da gazel a misalai na (5) da (9) da (11), a ce busasshen ganye ko kaɗaɗɗen ganye, kada a ambaci kaka ko kaɗan. Na uku, idan adon harshe ne, a nemi hoton da ke yin aikin a Hausa: bād-e khazān ta zama iskar hunturu, khazān-zade ya zama wanda ya ƙeƙashe, khazān-e omr ta zama la'asar ta rayuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mafassaranmu. A shekarar 2011, da boren ƙasashen Larabawa ya ɓarke, Turawa suka raɗa masa sunan lokacin furanni, kafofin labarai na Hausa ba su ce bazarar Larabawa ba, domin bazara a wajenmu zafi ce da ƙarancin ruwa. Sai suka ce guguwar sauyi. Irin wannan hankali ake buƙata a nan.

Akwai masu ganin gara a ari kalmar kawai. Bisa tsarin sautin Hausa, kh na Larabci yakan koma h, kamar a Alhamis da alheri da huɗuba, gh kuma ya koma g, kamar a gaibi da magariba, don haka da za a are ta, hazan za ta zama. Amma misalin Urdu ya nuna cewa aron ba ya kama ƙasa sai da adabin da ke bayansa, kuma kunnen Bahaushe zai iya jingina ta ga hazo, wanda babu abin da ya haɗa su sai kamannin sauti. A wajen nazari ana iya barin kalmar yadda take a yi mata bayani. A fassarar da ake yi domin jama'a kuwa, kayan gida sun wadatar.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun khazān daga fadar Gazna, inda take da fuskar shagali, zuwa waƙar gazal, inda ta zama alamar rabuwa da tsufa, sannan zuwa Uzbek da Azarbaijan da Turkanci, inda ta zama sunan ganyen da ake sharewa, da kuma Urdu, inda ta zauna a matsayin yanayin littafi. An ga cewa a duk waɗannan wurare ganye ne ginshiƙin ma'anarta. Kaka kuwa ginshiƙinta hatsi ne. Lokacinsu ya zo ɗaya a kalanda, amma abin da suke faɗa wa zuciya ya saɓa. Saboda haka ana kira ga masu tsara ƙamusoshin Hausa masu harshe biyu da su daina ba da kalma ɗaya a gaban sunan yanayi, su riƙa raba ma'anar kalanda da ta adon harshe, tare da misali ga kowace. Haka kuma akwai buƙatar a tattara kalmomin yanayi da na tsirrai a karuruwan Hausa, daga Sakkwatanci zuwa Gudduranci da Damagaranci, a kwatanta su da na sauran harsunan Nijeriya, domin mai fassara ya san iyakar abin da yake da shi a hannu kafin ya tafi aro.